Simintin Yaya Rékia da Na'urar Latifa

Paris, 12 ga Nuwamba 2006

Zuwa ga Yaya Rékia,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina sanyin Lyon? Yaya Soumaïla da aiki? Ina fata Karim da Leïla suna lafiya. Ni lafiyata lau, sai mura da ta kama ni sati guda, ta sake ni.

Ranar da na bar gidanki kika kafa mini doka, kika ce magana mai nauyi a takarda ake yin ta, ba a waya ba. To ga takarda.

Malamina ya tsayar mini da abin da zan yi tez, binciken digirin dokta, a kansa. Kin fi ni sanin yadda asid da gishirin silfat suke cin kankare a bututun ruwan datti har ya koma gari. Aikina shi ne in koya wa ordinater, wato kwamfuta, ta riƙa faɗin ƙarfin da zai rage wa siminti bayan shekara ɗaya ko uku a cikin irin wannan ruwa. Misalai ake ɗura mata: ga haɗin da aka yi, ga ruwan da aka jiƙa shi a ciki, ga kwanakin da ya yi, ga nauyin da ya fasa shi. In ta ga dubu, sai ta fara gane na dubu da ɗaya da kanta.

Da malamina ya faɗi sunan labo, ɗakin gwajin da misalan za su fito, sai da na yi dariya a gabansa. Na ce masa, "Ai hannun yayata ne. Kakata da kakarta ɗaki ɗaya suka fito a Damagaram." Ya ce bai taɓa ganin awo mai tsabta kamar naku ba. Har ya riga ya yi magana da shef, shugaban labonku.

Yaya, in Allah ya sa aikin nan ya yi kyau, nan gaba ba sai mutum ya ɓata shekara uku yana gadin bahon jiƙa siminti ba. Minti ɗaya, an gama. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Latifa


Vénissieux, 26 ga Nuwamba 2006

Latifa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun ji lafiyarki, mun gode Allah. Duk muna lafiya a nan gefen Lyon. Soumaïla bayansa ya ɗan matsa masa saboda ɗaukar kaya a depo, amma da sauƙi.

Kafin takardarki shef ya riga ya leƙo ɗakin bahuna. Bai ko shigo ba saboda wari, daga bakin ƙofa ya ce, "Rékia, ki tura fishiye ɗinki Paris." Na tura. Awon dunƙulen siminti dubu da ɗari huɗu da sittin ne a cikin fayil ɗin. Kowane ɗaya ni na kwaɓa shi, ni na tsoma shi a baho, ni na riƙa sake masa ruwa duk wata, ni na sa shi a injin matsa na ji ƙararsa ranar da ya fashe. Shekara tara. Ba su yi minti biyu ba suka bi waya suka tafi.

Ban san ɓata shekaru nake yi ba sai da na karanta takardarki. Na gode da kika sanar da ni.

Kawu Chaibou, babanki, ya kira ni ran Juma'a. Minti ashirin yana magana, duk ke ce. Wai Latifa za ta zama dokta, ta farko a zuriyarmu. Ban tuna masa ba cewa ni ma tez na zo yi, na yi shekara ɗaya da rabi a ciki kafin a yanke mana bursu, kuɗin karatunmu, ga cikin Karim. Wannan ba laifinki ba ne. Amma ranar da na ɗauko ki a gar, tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu, kina kuka don kin bar jaka a jirgi, na riga na manta abubuwa game da silfat waɗanda har yanzu ba ki karanta ba.

Ki yi aikinki, Allah ya ba da sa'a. In na'urarki ta koyi jin warin bahon da ya lalace, ki sanar da ni in nemi wani aiki.

Mai gadin baho,
Rékia


Paris, 20 ga Satumba 2007

Yaya Rékia,

Salamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina ibada? Ina Yaya Soumaïla da yara? Na ji Karim ya fara azumi bana, Allah ya yi masa albarka. Ni ina lafiya. Ran Asabar na sauka kasuwar Château Rouge na samo gero da tsamiya, na dama kunu, bai kai naki ba amma ya shiga.

Maganar ɓata shekaru, sau biyu na ba ki haƙuri a waya. Kin ce ya wuce, muryarki ba ta ce haka ba. Wallahi hannuwanki nake tunawa lokacin da na rubuta, yadda suke tsagewa da sanyi.

Ga labari. Na ɓoye wa na'ura dunƙule ɗari uku, na koya mata da sauran, sannan na tambaye ta ƙarfin waɗanda ba ta gani ba. A cikin kowane ɗari, casa'in da uku ta faɗa dab da abin da injinki ya auna.

Akwai wanda ya fi wannan. Littattafai duka sun ce simintin da aka haɗa da laitier, kashin ƙarfen nan na masana'anta, ya fi jure silfat. Na'ura ta ce haka ne, amma in ya wuce kashi sittin da biyar cikin ɗari sai ya juye, ya fi kowa saurin lalacewa. Na bi sawu na ga inda ta koyo: rukunonin dunƙule daga seri arba'in zuwa hamsin da biyu. Malamina sai da ya miƙe tsaye. Ya ce ba wanda ya taɓa ganin haka. Mun rubuta wa mujalla, sunana ne farko. Wasu injiniyoyi masu shimfiɗa bututu sun zo har ofis, suna so su sake haɗinsu saboda wannan. A ƙarshen takardar an gode wa "Madame R. saboda taimakon fasaha".

Tambaya ɗaya. Akwai wani abu game da serin nan goma sha uku da ya kamata in sani? Malamina ya ce ba sai na tambaya ba, lissafi ya isa. Amma ke kika riƙe su a hannu.

Ƙanwarki,
Latifa


Paris, 16 ga Janairu 2008

Yaya Rékia,

Salamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ki. Sallah biyu sun wuce ban ga takardarki ba. In na kira, Yaya Soumaïla ya ce kina labo, ko Leïla ta ce kina salla. Ranar layya na ji muryarki a bayan ɗaki kina dariya, sannan aka ce mini kin fita.

Na zauna na yi tunani, na gano laifina. "Madame R." ce. Kina da gaskiya. Shekara tara ba a biyan ta da harafi ɗaya. Na je wa malamina sau uku. Ya ce ba a saba sa sunan ma'aikatan labo ba. Na ce masa to ya cire nawa. Kwana biyu bai yi mini magana ba, sannan ya yarda. Mujalla ta karɓi takardar, za ta fito a wata mai zuwa. Ga kwafin shafin farko, ki duba layi na biyu: sunanki cikakke, tsakanin nawa da nasa.

An tsayar da ranar da zan kare tez, 14 ga Maris. Baba ya samu biza. Ina so ki zo. In ba ki zo ba, ban san wa zan kalla ba.

Latifa


Vénissieux, 27 ga Janairu 2008

Latifa, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ba wanda ya yi ciwo. Shiruna ba na ciwo ba ne. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Abin da na'urarki ta gano ba gaskiya ba ne, kuma ba laifinta ba ne.

Ba ki zo ƙasar nan ba tukuna a Agustan 2003, lokacin da zafi ya sauka har tsofaffi suka yi ta mutuwa a ɗakunansu. Na'urar sanyi ta ɗakin bahuna ta mutu, mai gyara yana hutu. Kwana goma sha tara, ruwan da ya kamata ya zauna a digiri ashirin yana kai talatin da takwas. Ya riƙa ƙonewa, gishirin ya yi kauri. Ni kaɗai ce a labo, ina ƙara ruwa safe da yamma, ban iya riƙe shi ba. Tsofaffin dunƙule sun jure. Seri arba'in zuwa hamsin da biyu kuwa a satin na tsoma su, suna ɗanyu, kuma mai kashin ƙarfe da yawa jinkirin yin ƙwari gare shi. Na faɗa wa tsohon shef, ya ce a ci gaba, ba mai dubawa. Ya yi ritaya. Fishiye ba shi da gurbin kwanan wata ko na zafi. A kayena kaɗai abin yake, littafin da nake rubutawa da hannu. Ga shi nan cikin ambulan, ki buɗe shafi na 61.

Ranar da na karanta takardarki ta azumi, ban kai ƙarshen layi ba na gane. Na sauko da kayen daga saman kwaba, na duba, na mayar. Wata huɗu yana can.

Ba "Madame R." ba ce, ko kuma ba ita kaɗai ba. Na riƙa ganin kaina a ƙarshen zaure ranar kare tez ɗinki, wani tsoho cikin juri, alƙalan tez, ya cire gilashi ya ce, "Mademoiselle, a wane wata aka jiƙa waɗannan?" Ke kuma ki daskare, ki juyo kina neman fuskata. Wannan hoton na riƙa kallo a jirgin metro, tafiya da dawowa, da azumi a bakina. Ban gina miki rami ba, amma na gan shi a gabanki na yi shiru.

Da ma zan iya ce miki takardunmu saɓani suka yi a hanya. Ba su yi ba. Taki ta iso ran Asabar, na ga sunana a layi na biyu, na ƙara kwana takwas sannan na ɗauki biro.

Na faɗa wa Soumaïla. Ya ce, "Ɗiyar da ta ci tuwo a kwanonki shekara biyu?" Ya sa takalmi ya fita.

Rékia


Paris, 18 ga Fabrairu 2008

Madame Rékia,

Salamu alaikum. Ina gaida Yaya Soumaïla da yara. Lafiyata ba ta dame ki ba, ba sai na faɗa ba.

Na kai wa malamina kayen ran Litinin. A tsaye ya karanta. Ya ce, "Kin san me wannan ke nufi?" Na ce na sani. Mun janye takardar saura kwana shida a buga ta. Ni ya sa na kira injiniyoyin da bakina, na ce kada su taɓa haɗinsu. Ɗayansu ya ce har sun ba da odar gwaji. An ɗaga ranar tez sai abin da Allah ya yi. Takardar zamana za ta ƙare a Yuni, sai na koma layin prefektir, ofishin takardun baƙi, in bayyana musu dalilin da ban gama ba. Na kira Baba na ce kada ya zo. Ya riga ya ɗinka babbar riga. Na ce masa na'ura ce ta yi kuskure. Ban ambaci sunanki ba, kuma ba don ke ba, don kada zuciyarsa ta ɓaci sau biyu.

Da a Satumba kika faɗa, sati biyu ya ishe ni in gyara, ba wanda zai ji.

Kina ƙyashina. To bari ki ji abin dariya. Tun ina firamare ba a bar ni na huta da sunanki ba: Rékia ta zo ta ɗaya a jiha, Rékia ta hau jirgi, ki zama kamar Rékia. Na zo na same ki da miji mai jiran ki da shayi, da yara, da hannun da yake ɗaga dunƙule ya faɗi ƙarfinsa tun ba a auna ba. Ni ina ɗaki mai faɗin tabarma biyu a hawa na shida, ina rubutu a kan siminti, ban taɓa kwaɓa ko cokali ɗaya ba. In malamina ya ce "Me ya sa?" sai in kalli allon ordinater, ita kuma ba ta faɗin dalili. Duk lokacin nan cewa nake, Yaya da ta sani. Ashe kin sani.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma kada ki yi mini kwana-kwana. Da ban sa sunanki ba, za ki bar ni in tsaya gaban juri da wannan?

Latifa


Vénissieux, 2 ga Maris 2008

Latifa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Lafiyarki ta dame ni, ko ba ki faɗa ba.

Amsar tambayarki: ban sani ba. Na nemi wadda ta fi wannan daɗi sati biyu, ban samu ta gaskiya ba. Ina so in yarda da na faɗa ko a daren ƙarshe. Amma wadda ta yi shiru wata huɗu ba ta da bakin rantsuwa.

Ga abin da nake da shi. A Maris 2005, bayan tsohon shef ya tafi, abin ya ƙi barin raina. Na sake kwaɓa haɗin nan goma sha uku da ragowar kaya, uku-uku, na tsoma su a wani baho bayan ƙofa. Ba wanda ya sa ni, ba su cikin fishiye. Duk wata ina sake musu ruwa, zafinsu bai taɓa wuce ashirin da ɗaya ba, duk yana rubuce. A ƙarshen watan nan za su cika shekara uku. Ban fasa ko ɗaya ba.

Na faɗa wa sabon shef komai, har da shiruna. Na sha faɗan da ban taɓa sha ba a gaban mutane, sannan ya sa hannu.

Ki cire serin da zafi ya ɓata, ki sake koya wa na'urarki, ki tambaye ta ƙarfin waɗannan. Ki rubuta amsarta ki liƙe a ambulan, ki zo da ita. Ke za ki sa su a inji da hannunki. In ba ki son kwana gidana, maƙwabciyata Raliatou ta hawa na huɗu tana da ɗaki. Amma Leïla ta riga ta fitar miki da bargo.

Rékia


Paris, 21 ga Afrilu 2008

Yaya Rékia,

Salamu alaikum. Na iso lafiya. Ki gaida Yaya Soumaïla, ki gode masa da rakiya. Tafin hannuna har yanzu yana saɓa saboda simintin da kika sa na kwaɓa, man da kika ba ni yana aiki.

Ba ki gaya mini ke ma kina da ambulan mai ɗauke da naki hasashen ba sai da na ga kin ciro ta daga aljihun rigar labo. Na sake lissafin a jirgi. A cikin goma sha uku, na'ura ta fi ki kusa a takwas, kin fi ta a biyar. Na ga fuskarki da muka kai na takwas, ba sai kin ɓoye ba. Ke ma kin ga tawa a seri arba'in da bakwai, da kika ƙwanƙwasa dunƙulen da makulli kika ce, "Wannan akwai iska a cikinsa, ba zai kai ba." Bai kai ba. Na'ura ta wuce da nisa. A wannan minti na fi jin haushinki fiye da ranar da na karanta kayen.

Masu kashin ƙarfe da yawa su suka fi ƙarfi, yadda littattafai suka ce. Ban gano komai sabo ba ke nan. Malamina ya ce tez ɗin ta ragu amma ta tsaya da ƙafarta, kuma zan ƙara babi a kan abin da na'ura take koya idan an ɓoye mata zafi. Prefektir sun ƙara mini wata shida. Sabuwar rana 21 ga Nuwamba.

Ban yafe duka ba, kada in yi miki ƙarya. Na yafe abin da ya ishe ni in ce ki zo.

Ƙanwarki,
Latifa


Vénissieux, 30 ga Nuwamba 2008

Latifa,

Salamu alaikum. Mun iso lafiya, yara suna gaishe ki. Ina fata Kawu Chaibou ya sauka Yamai lafiya, kuma sanyin Paris bai bi shi gida ba. Babbar rigar ta yi masa kyau.

Shef ya ce daga Janairu za a sa mana shirin na'urarki a ordinater ta labo, kuma ni zan riƙa ba ta abinci. Na ƙara gurbi uku a fishiye: kwanan wata, zafi, da wani da na sa wa suna "abin da na gani". Ki aiko mini da bayani da Hausa, dalla-dalla, amma kada ki yi mini muryar malamai.

A gar kin tambaye ni me ya sa na yi guɗa har sau uku a zauren Turawa, har tsohon nan na juri ya zubar da ruwansa. Na ce miki farin ciki. Jirgi yana shirin tashi, shi ya sa na taƙaita.

Da shugaban juri ya miƙe ya kira ki dokta, ƙyashin nan ya taso mini daga ciki. Na zaci ya mutu tun Afrilu. Yana nan, bai rage ko kaɗan ba. Ga Kawu a gefena yana share hawaye, ga ki kina kallona. Na ga in ban buɗe baki ba a fuskata zai fito. Sai na kama hanci na sake shi.

Ta farko ta ƙyashin ce. Ta biyu ban san ta wa ba. Ta uku taki ce, Dokta Latifa, ba gauraye.

Yayarki,
Rékia